Zaman Gida a Lokacin Annoba: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi domin hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kuma malaman da ke riƙe musu littattafai, musamman waɗanda ke ƙasar Gwarzo da Kabo a yammacin Jihar Kano. Abin da za a duba shi ne zaman gida na tilas da aka yi cikin shekarar 2020 saboda cutar korona, wanda jama'a suka kira kulle, da yadda ya taɓa gidan talaka a gari kamar Kutama, tun daga sallar asuba har zuwa kwanciya barci. Annobar dai ta wuce, gama ran 5 ga watan Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa ta daina zama abin gaggawa. Amma annoba ba ta ƙare a duniya ba, kuma ran da wata ta sake tasowa ƙofar hakimi za a fara bugawa, na sama su aiko da takarda, na ƙasa su zo da kuka. Saboda haka ya kamata a auna abin da ya faru tun hankali yana kwance.

Gundarin maganar ɗaya ne. Dokar zaman gida ba ta tsayuwa sai gidan da aka ce a zauna cikinsa yana da hatsi da ruwa da hanyar kai marar lafiya asibiti. Ba kuwa wanda ya ke da ikon sanin gidan da ke da waɗannan abubuwa da wanda ba shi da su kamar mai unguwa da dagaci da hakimi.

YADDA DOKAR TA ZO

Cutar ta ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. An sami mutum na farko da ya ke ɗauke da ita a Nijeriya ran 27 ga watan Fabrairu, 2020, a Ikko. Ran 23 ga watan Maris aka rufe makarantu a Jihar Kano, bayan kwana huɗu kuma aka rufe iyakokin jihar. Ran 11 ga watan Afril aka tabbatar da cutar a cikin Kano, sa'an nan Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya sa dokar hana fita ta kwana bakwai, wadda ta soma aiki daren Alhamis 16 ga wata. Kwana bakwai suka cika aka ƙara, har ran 27 ga wata Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ɗora wa jihar kulle na mako biyu, daga baya shi ma aka tsawaita shi.

Da aka shiga watan Mayu sai aka buɗe ranar Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, domin mutane su fita su sayi abinci. Aka yi ta sauya ranakun ana ƙara su, aka kuma kafa kotunan tafi-da-gidanka domin hukunta masu karya doka. Ba a janye kullen duka ba sai farkon watan Yuli, makarantu kuwa yawancinsu sai cikin Oktoba suka koma. Watau yaro ya yi wata shida da ɗoriya ba ya shiga aji.

Dokar ta fi tsanani a Birni da kewaye. A ƙauye ba a ga ɗan sanda a kowace kwana ba, amma duk da haka hannunta ya kai, ta hanya uku: kasuwa ta tsaya, mota ta yi wuya, kuɗin da 'yan ci-rani su kan aiko gida kuma ya yanke.

ABIN DA MAGABATA SUKA GANI

Tsare mutane wuri ɗaya saboda annoba tsohon al'amari ne. Malamai sun san hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita. Sun san labarin Halifa Umaru, Allah ya yarda da shi, wanda ya juya daga hanyar Sham ya koma Madina sa'ad da ya ji annoba ta kama can. A ƙasar nan ma an sha gani. Muguwar murar 1918 ta sauka Ikko daga jirgin ruwa cikin watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta fatake, kafin shekara ta ƙare ta game Arewa, kuma masana sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya. An ga agana kafin a kawar da ita daga duniya a 1980, an ga sanƙarau a 1996.

Bambancin da ke akwai shi ne, da can marar lafiya a kan keɓe, ko gidansa, ko garinsa. A 2020 kuwa aka ce mai lafiya da marar lafiya duka su zauna, saboda cutar ta kan ɓoye a jikin mutum har kwana 14, wani ma ya yaɗa ta bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Wannan shi ya sa nauyin ya faɗa kan kowane gida.

YADDA GIDAN MANOMI KE JUYAWA

Kafin a gane abin da dokar ta taɓa, sai a tuna yadda gida ya ke tafiya a ranar da ba kome. Da asuba maigida ya tafi masallaci, mata su hura wuta, a yi ɗumame ko a sayo koko da ƙosai a maƙwabta. Yara su tafi makarantar allo, su komo su wuce ta boko. Da hantsi a surfa hatsi a kai niƙa, samari su nufi gona ko kasuwa, yara mata su ɗauki talla. Da azahar a dama fura, da la'asar a tafi Islamiyya, da magariba a kwashe tuwo, maza su fito da akusansu ƙofar gida su ci tare da maƙwabta. Bayan lisha sai hira.

In an duba da kyau, kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka sai an ƙetare zaure. Ruwa yana rijiya ko famfon unguwa, niƙa yana inji, gishiri da manja da kanwa da ashana suna kasuwa ko tebur. Ma'aikacin Gwamnati da ke Birni, mai albashi a ƙarshen wata da buhun shinkafa a ɗaki, ya kan iya rufe ƙofarsa mako guda. Gidan da a ke hannu baka hannu ƙwarya ba ya iyawa, ko da maigidan ya fi kowa biyayya.

Ga kuma lokacin da dokar ta faɗo. Afril da Mayu tsakiyar bazara ne, rana ta take, rijiyoyi sun ja baya, rumbun da aka cika da kaka ya yi ƙasa, a wasu gidaje ma an share shi an koma awo. Lokacin ne kuma na sharar gona da kai taki da neman iri, domin ruwan shuka yana tafe. Manomi ya kan kai akuya ko tunkiya kasuwa, irin ta Getso, ya sayar ya sayi takin zamani. Da aka rufe kasuwa, akuyar tana nan ɗaure a turke, ba ta zama taki ba, damina kuwa ba ta jiran doka.

MATA DA YARA

Kalmar kulle ba baƙuwa ba ce ga matan aure, da yawansu a cikin gida su ke yini tun asali. Saboda haka wasu suka zaci dokar ba ta shafe su ba. Alhali kuwa su ta fi taɓawa, domin sana'ar mace mai zaman gida da ƙafar yaro ta ke tafiya. Mai fura da mai ƙuli-ƙuli da mai ƙosai da mai ɗan wake da mai ɗinkin hula, duk yaro ne ke sayo musu kaya, shi ne kuma ke kai wa mai saye. Da aka watse tasha da kasuwa da bakin makaranta, masu saye suka ɓace. Jarin da bai taka kara ya karya ba aka cinye shi a cefane, adashi ya tsaya, gama ba mai zubi. Ribar nan kuwa da ita a ke sayen sabulu da omo, da ita a ke tara kayan ɗakin 'ya, sau da yawa ma da ita a ke rufa wa maigida asiri ran da ya komo hannu wofi.

Aiki kuma ya ƙaru. Bakin da a da ya kan ci a kasuwa ko a makaranta, yanzu daga tukunyar gida zai ci. An ce a riƙa wanke hannu da sabulu a kai a kai, ruwa kuwa sai an jawo shi da guga ko an saya a wurin 'yan ga-ruwa.

Game da yara, Gwamnati ta sa an riƙa ba da darasi ta rediyo da talabijin, kuma abin ya yi amfani a gidan da ke da rediyo da batir da babban da zai zaunar da yaro ya saurara. A sauran gidaje, yara maza suka bi iyayensu gona, mata suka shiga aikin gida. Ga abin lura a nan: yarinyar da ta kai shekara goma sha uku ko sha huɗu, in ta yi wata shida a gida, komawarta makaranta ba ta da tabbas, gama maganar aure ta kan riga buɗe makaranta zuwa. Wajibi ne mai unguwa ya san yaran da suka fita daga aji ran da aka rufe, domin ya ƙirga waɗanda suka koma ran da aka buɗe.

MAIGIDA DA TSOFAFFI

Bisa al'ada, namiji ba ya yini a cikin gida. Tsakar gida da rana ta mata ce, wurin namiji shi ne gona da kasuwa da zaure da majalisar gindin bishiya. Da doka ta komo da shi ciki, ga aljihu ba kome, ga yara suna kuka, ga zafi, sai ƙaramar magana ta zama babba, balle a gidan da ke da mace fiye da ɗaya da rabon girki. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Waɗanda abin ya fi tsananta wa su ne masu neman na yau da yau, watau direbobi da yaran mota da 'yan acaɓa da masu shayi da mahauta da leburori, har da teloli waɗanda ɗinkin Salla ne kakarsu. Dagacin da ya san haka ba zai jira sai an kawo ƙara ba. Zai sa liman da dattawan unguwa su riƙa leƙa irin waɗannan gidaje.

Akwai kuma alheri da aka gani. Uban da a da ba ya ganin 'ya'yansa sai suna barci ya zauna da su, ya biya musu karatu, ya ja su salla. An yi asham a tsakar gida, mata da yara a sahu. Tsofaffi mata suka sami masu sauraron tatsuniya. Maƙwabci ya miƙa wa maƙwabci kwanon dawa ta kan katanga, kuma wannan ciyayya ta riƙe gidaje da yawa waɗanda taimakon hukuma bai kai gare su ba.

Tsofaffi su ne cutar ta fi yi wa barazana, tare da masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon ƙirji. A gidan Bahaushe kuwa tsoho shi ne wanda kowa ke shiga ɗakinsa gaisuwa, jikoki su kwana a wurin kaka, baƙo in ya sauka shi zai fara gani. Girmamawar da a ke yi masa ita ce hanyar da cuta ke bi ta same shi, saboda haka sai an yi dabara a kiyaye shi ba tare da ya ga an ƙaurace masa ba.

MASU KOMOWA GIDA

Da aiki ya tsaya a Birni da Kaduna da Abuja da Kudu, 'yan ci-rani suka yi ta neman hanyar gida, wasu a cikin motocin kaya, wasu ta hanyoyin daji. Ƙasar Gwarzo kuwa tana iyaka da Jihar Katsina, kuma iyakar da ke kan takarda ba ta raba dangi da gonaki da kasuwanni ba. A cikin wannan lokaci ne kuma Gwamnonin Arewa suka shiga mai da almajirai jihohinsu na asali, kuma an sami cutar a jikin waɗansu daga cikin yaran bayan an sauke su. Gida da ya saba ciyar da mutum takwas ya wayi gari da goma sha biyu, cikin waɗanda suka ƙarun kuwa har da wanda a da shi ke aiko da kuɗin cefane.

Ba a korar ɗa daga gidan ubansa, ba kuma daidai ba ne a bar shi ya shige ɗakin kakarsa daga saukarsa mota. Abin da ya fi shi ne gari ya tanadi masauki, ko ajin makarantar da ke rufe ko wani ɗaki a waje, inda mai komowa zai yi kwanakin da likitoci suka ƙayyade, ana kai masa abinci cikin mutunci. In an mai da abin tozarci, sai mutane su riƙa shigowa da dare a ɓoye.

AZUMI DA SALLA

An ɗauki azumin shekarar ran 24 ga watan Afril, watau mako ɗaya bayan soma kulle. Aka dakatar da tarukan tafsiri da asham a masallatai da itikafi, sallar Juma'a ma aka yi makonni ba a yi ba, jama'a suka koma sauraron malamai ta rediyo. Wannan ya yi wa mutane nauyi ƙwarai, ya kuma taɓa cikin talaka, gama a watan azumi ne mai hali ke fitar da kunu da ƙosai da hatsi sadaka, a ƙofar masallaci kuma mabukaci ke samunsu. A ƙarshen wata Gwamnatin Jiha ta yarda a yi Juma'a da Idi bisa sharaɗin sa takunkumi. Aka yi Ƙaramar Salla ran 24 ga watan Mayu, amma ba a yi hawa ba. Aikin Hajji kuma ba wanda ya tafi daga ƙasar nan a shekarar, domin hukumar Saudiyya ta taƙaita shi ga mutane kaɗan mazauna ƙasarta.

Darasin da ke nan shi ne, in an rufe wurin da sadaka ke bi, lalle ne a buɗe mata wata hanya. Zakka da zakkar fid da kai da ciyarwar azumi suna iya bin gida gida ta hannun liman da mai unguwa, in akwai sunaye a rubuce.

ABIN DA AKA GANE DAGA BAYA

Yanzu an tabbata cewa cutar ta numfashi ce, a iska ta fi yaɗuwa, musamman a ɗaki rufaffe mai cunkoso inda a ka daɗe ana magana ko tari. A fili, inda iska ke kaɗawa, haɗarinta kaɗan ne. Watau manomi da ɗansa a gona sun fi zama cikin aminci bisa ga mutum goma a zaure ana zaman makoki, ko fasinjoji a cushe cikin mota. Haka nan buɗe kasuwa na sa'a shida kacal, kwana biyu a mako, ya kan tara mutanen kwana bakwai wuri ɗaya su gwamutsu. Kasuwannin ƙauye kuwa kowace da ranar cinta tun kaka da kakanni, ranar da aka zaɓa domin Birni ba lalle ta dace da su ba.

An kuma gane cewa tsoron cuta ɗaya ya kan buɗe wa sauran ƙofa. Mai ciki ta fasa zuwa awo, mai zazzaɓin cizon sauro ya kwanta a gida, mai hawan jini maganinsa ya ƙare, allurar rigakafin jarirai ta ja baya. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Jihar Kano ta fi kowace jiha shan wahalarta, yaran da ba su sami rigakafi ba ta fi kamawa.

LITTAFIN MALAMI

A cikin watan Afril na 2020 aka yi ta mace-mace a Birnin Kano, masu haƙar kabari ne suka fara faɗa. Da ya ke ba a rubuta mutuwa yadda ya kamata, sai da aka aiko ma'aikata suka bi maƙabartu da gidaje suna tambaya. Cikin watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ba da labarin cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na Birni, yawancinsu tsofaffi, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari cutar ce sanadinsu. Da akwai littafi a hannun kowane mai unguwa, da an gane tun makon farko.

Haka al'amarin ya ke wajen rabon taimako. Gwamnatin Jiha ta ce kashin farko na gidaje 50,000 ne, a jihar da ke da mazaɓu 484, watau abin da zai kai kowace mazaɓa bai wuce gida ɗari da 'yan kai ba. Ƙidayar 2006 kuwa ta nuna mutanen Gwarzo sun haura 180,000, na Kabo sun haura 150,000, kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Abin da ya ke kaɗan haka, in ba a san wanda ya fi bukata ba, mai ƙarfi da mai baki ne za su same shi.

A zamanin En'e malamin hakimi ya kan bi gari gari kowace shekara yana rubuta magidanta saboda haraji da jangali. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, talakawa suka huta, amma ƙirgar gidaje ta shekara shekara ta tafi tare da su. Abin da a ke bukata yanzu shi ne littafin ya komo domin taimakon talaka. An riga an ga misali a yaƙin shan inna: sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga, ana bin gida gida, kāna aka ci nasara, har ran 25 ga watan Agusta, 2020, aka yi shelar cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka.

ABIN DA YA WAJABA A TANADA

1. Kowane mai unguwa ya riƙe sunayen gidajensa: yawan masu ci, gidan da ke da rumbu da wanda ke awo, gwauraye mata da marayu, tsofaffi, masu ciki, da masu ciwon da ba ya rabuwa da magani. A sabunta shi sau biyu a shekara, bayan kaka da farkon bazara. Malamin hakimi ya tattara, ya kuma riƙe shi amana.

2. A riƙa rubuta haihuwa da mutuwa mako mako. In mutuwa ta wuce yadda aka saba, ko ciwo iri ɗaya ya kwantar da gidaje da yawa, dagaci ya sanar da hakimi a ranar, hakimi kuma ya sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

3. In doka ta zo, hakimi ya bi ta, ya kuma rubuta wa na sama da shi ranakun kasuwannin ƙasarsa da halin da rumbuna ke ciki, ya nemi a bar cinikin hatsi da dabbobi da taki a fili mai faɗi, a rarrabe, tsawon yini.

4. Kada a tare manomi a hanyar gonarsa, ko makiyayi a hanyar mashaya.

5. A gyara famfuna da rijiyoyi tun kafin bazara. Lokacin annoba a raba wa unguwanni sa'o'in ɗiban ruwa da na zuwa inji.

6. Tsoho ya sami ɗaki mai taga da mutum ɗaya mai yi masa hidima, a riƙa gaishe shi daga bakin ƙofa ko a tsakar gida. Zaman makoki da suna da ɗaurin aure a taƙaita su, a yi su a fili.

7. Awo da rigakafi da karɓar haihuwa kada su tsaya. Kowane gari ya san motar da za ta ɗauki mai naƙuda ko marar lafiya zuwa asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, direban kuma ya riƙe takardar dagaci.

8. Taimako in ya zo, a karanta yawansa da sunayen masu samu a gaban liman da dattawa. Rabon matan da ba su fita a ba da shi ta hannun mata amintattu, ya shiga har ɗaki.

9. Labari ya fito ta baki ɗaya, mai shela da liman da malamin asibiti su faɗi abu guda. Kada a ɓoye mutuwa don gudun tsoro, gama inda hukuma ta yi shiru nan jita-jita ke samun wurin zama.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Littafi ne da alƙalami, da mai unguwar da ya san ƙofofinsa, da hakimin da ke tambaya tun ba a tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma Gwamnati ba ta da idon da za ta ga cikin rumbun kowane gida a Kutama da Getso da Lakwaya da Garo sai idon sarakunan ƙasa. Hakimin da ya soma wannan aiki da kakar bana, ran da takarda ta zo zai amsa ta da lissafi a hannu.

Allah ya kiyaye ƙasa da jama'arta daga annoba, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Amin.